Ƙiwuya: Ma'anarta, Asalinta da Yadda Ake Amfani da Ita

Akwai kalmomin da muke ji tun muna yara, muke kuma faɗa wa 'ya'yanmu, ba tare da mun taɓa tsayawa mun duba abin da ke cikinsu ba. Ƙiwuya tana cikinsu. Uwa takan faɗe ta ga yaron da ta aika rijiya ya tsaya wasa, maigida ga ɗan da ya ɓace ranar noma, malami ga ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Kalma ce mai nauyi. In ta manne wa mutum a gari, ba a saka shi a lissafi ranar aiki, ba a ba shi amana, wani lokaci ma takan tsaya masa a hanyar aure. Don haka ya kamata mu san abin da take nufi, daga ina ta fito, a ina ta dace, a ina kuma faɗinta zai zama zalunci.

Ma'anarta

Ƙiwuya ita ce guje wa aikin da ya rataya a wuyan mutum saboda ba ya son shan wahalar da ke cikinsa. Kafin mu ce wani ya yi ƙiwuya, sai abubuwa uku sun haɗu.

Na farko, aikin nasa ne. Ko an ba shi, ko ya ɗauka da kansa, ko kuwa matsayinsa ya ɗora masa, kamar yadda ciyar da iyali yake kan maigida. Baƙon da bai shiga gonarmu ya yi noma ba, ba mu da bakin ce masa mai ƙiwuya.

Na biyu, yana da halin yin aikin. Yana da lafiya, yana da lokaci, ya san yadda ake yi, ko kuwa yana iya koyo.

Na uku, abin da ya hana shi shi ne gudun wahala: zafin rana, tashin asuba, doguwar tafiya, sunkuyo, ko gajiyar tunani.

In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, to abin da muke gani yana da wani suna dabam. Za mu koma kan wannan a gaba.

Kalmar tana da ma'ana ta biyu wadda mata suka fi amfani da ita. Idan jariri ya ƙi yarda da kowa sai uwarsa, aka miƙa masa hannu ya kau da kai ko ya fashe da kuka, akan ce yana da ƙiwa, ko yana ƙiwuya. Wannan yakan fara ne kimanin wata shida zuwa tara da haihuwa, lokacin da yaro ya soma bambanta fuskar da ya sani da wadda bai sani ba. Babu zargi a cikin wannan ma'anar. Mataki ne na girma, kuma yakan wuce da kansa. Abin da ya haɗa ma'anonin biyu shi ne noƙewa da ƙin miƙa kai.

Asalinta

Da yawa daga cikin kalmomin da muke amfani da su wajen maganar aiki da alhaki aro ne daga Larabci: wajibi, amana, uzuri, kasala, ha'inci. Ƙiwuya kuwa Hausa ce tsantsa. Harɗaɗɗen suna ne da aka gina da kalmomi biyu, wato *ƙi* da *wuya*.

*Ƙi* aikatau ne, shi ne muke ji a cikin "ya ƙi zuwa", "ta ƙi ci", da karin maganar nan da ke cewa wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Kishiyarsa ita ce *so* ko *yarda*. Aikatau ne na zuciya, yana nuna abin da mutum ya zaɓa. Ya bambanta da *kasa* da *gaza*, waɗanda ke nuna an gwada, ƙarfi bai kai ba.

*Wuya* a nan ita ce wahala. Sai mu lura, Hausa tana da *wuya* iri biyu waɗanda rubutu bai bambanta su ba, amma baki ya bambanta. Akwai wuya gaɓar jiki, wanda ake farawa da sautin sama a sauka ƙasa, kuma namiji ne, shi ya sa muke cewa "wuyan riga", "wuyansa yana ciwo". Akwai kuma wuya ta wahala, wadda ake farawa da sautin ƙasa a hau sama, ita kuwa tamata ce: "wuyar aiki", "wuya ba ta kisa". Ta biyun ce ke cikin ƙiwuya. Mai ƙiwuya, a taƙaice, shi ne mai ƙin wuya.

Irin wannan gini, inda ake haɗa aikatau da suna su zama suna ɗaya, ya yawaita a Hausa. Muna da *dafa-duka*, *rufa-ido*, *hana-salla*. Da *ƙi* kansa muna da *ƙi-faɗi*, wanda ake faɗa wa mai ƙin amsa cewa an fi shi gaskiya, da *ƙi-gudu*, kirarin jarumi, wanda Bahaushe ya yi wa raddi da cewa in ka ji ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Abin da ya bambanta ƙiwuya da waɗannan shi ne ta daɗe a baki har gaɓoɓinta sun narke cikin juna. Ba a sa mata karan ɗori a rubutu, kuma mutane da yawa suna faɗinta ba tare da sun ji *ƙi* da *wuya* a ciki ba. Tsohuwar kalma ce, tana cikin babban ƙamusun Hausa na Bargery wanda aka buga a 1934, da ƙamusoshin da suka biyo bayansa.

Sanin wannan asali yana da amfani, domin ya nuna mana inda Hausawa suka ajiye laifin. Sun ajiye shi a kan zaɓin mutum, ba su ɗora shi a kan ƙarfin jikinsa ba.

Furuci da rubutu

Za mu ji kalmar da siga uku, gwargwadon gari da bakin mai magana: *ƙiwuya*, *ƙyuya*, da *ƙiwa*. Ta farko ita ce cikakkiya. Ta biyu ta samu ne ta hanyar haɗiye sautin tsakiya a magana mai sauri. Ta uku ita ce mafi gajarta, ita aka fi ji in ana maganar jarirai. A rubuce-rubucen yau, musamman a waya, mukan ga *ƙuiya* da *ƙiuya*, waɗanda ƙoƙari ne na rubuta abin da kunne ya ji. Ga mai rubuta darasi ko wasiƙa, *ƙiwuya* da *ƙyuya* su ne suka fi karɓuwa. A kula da lanƙwasar *ƙ*, domin in aka rubuta *kiwa* da *k* mara lanƙwasa, mai karatu yana iya ɗauka maganar kiwo ake yi.

Kalmar tamata ce, kuma ba ta da jam'i. Muna cewa "ƙiwuya ce", "ƙiwuyarsa ta yi yawa", "ƙiwuyar nan taka".

Mai wannan hali ana ce masa *mai ƙiwuya*, ko *maƙyuyaci*. Mace *maƙyuyaciya*, jam'i *maƙyuyata*. Ginin iri ɗaya ne da na *maƙaryaci* daga ƙarya, da *marowaci* daga rowa. Akwai bambancin nauyi tsakanin sigogin. In muka ce "yau ya yi ƙiwuya", abu ɗaya da ya faru muke faɗa. In muka ce "yana da ƙiwuya", mun ce abin ya zama masa ɗabi'a. In kuwa muka ce "maƙyuyaci ne", mun mai da halin sunansa. Mai hikima ba ya tsallakawa zuwa ta uku tun bai ga ta farko ta maimaitu ba.

Yadda take shiga jimla

Ga hanyoyin da aka fi amfani da ita:

Da *yi*: "Kada ka yi mini ƙiwuya, tashi ka kai wa kakarka tuwo."

Da *da*: "Yaron nan akwai shi da ƙiwuya."

Da sunan aikin da ake gudu: ƙiwuyar noma, ƙiwuyar karatu, ƙiwuyar aike, ƙiwuyar girki, ƙiwuyar rubutu.

A matsayin mai aikatawa, kamar wata halitta mai hannu: "Ƙiwuya ta hana shi gyara jinkar ɗakinsa har ruwa ya sauka."

A kore, wanda yabo ne babba: "Yarinyar nan ba ta da ƙiwuya ko kaɗan." Wannan yana cikin shaidar da ake so a ji game da yaron da za a ɗauka koyon sana'a, ko saurayi da budurwar da ake bincike a kansu kafin aure.

Mutum yakan faɗe ta a kan kansa cikin raha: "Ƙiwuya nake ji yau." Amma akwai ladabin faɗinta ga wani. Daga babba zuwa ƙarami take gangarowa, ko tsakanin tsara da abokan wasa. Ɗa ba ya ce wa mahaifinsa yana ƙiwuya, matar ɗa ba ta faɗa wa surukarta. In dole ne a yi wa babba magana, akan zagaya a ce, "Baba, ko jikin ne?"

Akwai kuma inda ba ta shiga ko da an kauce wa wajibi. Wanda ya ƙi biyan haraji ko bashi, ba mu ce ya yi ƙiwuya ba, mukan ce ya ƙi biya, ko yana taurin bashi. Wanda ya hana abin hannunsa marowaci ne. Ƙiwuya ta tsaya ne ga aikin da ke cin ƙarfin jiki ko na tunani.

Inda kalmar ta yi ƙarfi

Don mu gane dalilin da ya sa kalmar take da zafi haka, sai mu koma gona. A tsarin gandu, maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza suna noma babbar gona tare, daga rumbunta ake ciyar da gidan duka. Kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa a lokacin da aka ware masa, amfaninta nasa ne. A irin wannan zama ana saurin gane mai ƙiwuya: shi ne wanda jikinsa ke mutuwa a gandu, amma ya farfaɗo in an koma gayauna. Wannan ya nuna ƙarfin yana nan, inda za a kashe shi ne ake zaɓa.

Haka yake a ranar gayya. Kowa ya kama kunyarsa, makaɗa suna zuga, ana tafiya a jere. Mai ƙiwuya ba ya cewa ba zai yi ba. Sai ƙotar fartanyarsa ta kwance, sai ƙaya ta soke shi, sai ƙishirwa ta kai shi gindin bishiya, ya daɗe bai dawo ba. In aka kawo fura kuwa yana sahun gaba. Kunyar da ya bari ba ta nome kanta, na kusa da shi ne zai juyo ya ƙarasa.

Damina kuma ba ta jira. In noman farko ya makara da mako biyu, ciyawa ta riga ta danne gero, kuma abin da aka rasa a lokacin ba a mai da shi da kaka. Ƙiwuyar mutum ɗaya a watan Yuli tana iya zama yunwar gida a watan Mayu na gaba. Wannan ne ya sa karin maganarmu suka cika da zancen: zomo ba ya kamuwa daga zaune, kowa ya ci zomo ya ci gudu, bayan wuya sai daɗi.

Yau da yawanmu mun bar gandu, amma kalmar ta biyo mu. Tana ofis, inda ma'aikaci zai sa hannu a rajista da safe ya rataye rigarsa a kujera ya fice, mai neman a duba takardarsa kuwa ana ta ce masa ya dawo gobe. Tana makaranta, ga ɗalibin da ke kwafar aikin abokinsa, da malamin da ke tara littattafan yara bai duba ba. Tana gida, ga wanda ke barin duk wahalar jinyar tsohuwa a kan 'yar'uwa ɗaya. Tana cikin ƙungiyoyinmu, inda sunaye ashirin ke cikin kwamiti amma mutum huɗu ne ke zuwa ranar share fili da jera kujeru. A ko'ina siffarta ɗaya ce: aikin bai ɓace ba, ya koma kan wani.

Kalmomin da ke kusa da ita

Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan fage, kuma kowace da gurbinta.

*Lalaci* ya fi ƙiwuya faɗi. Malalaci ba ya motsi ko don amfanin kansa. Mai ƙiwuya kuwa yana iya yin kwana yana buga ƙwallo, ko ya taka zuwa wani gari kallon dambe, amma a aike shi bayan gida ya ce ƙafarsa.

*Ragwanci* ya haɗa da rashin zuciya da rashin juriya. Rago yakan fara ya saki, ko ya ji tsoron farawa.

*Kasala* yanayi ne na jiki. Takan zo bayan zazzaɓi, ko da zafin bazara, ko bayan cin abinci mai nauyi. Ba laifi ba ce, sai in an mai da ita mafaka.

*Son jiki* ɗan'uwan ƙiwuya ne na kusa, amma ya fi ta sauƙi a kunne. Akan faɗa wa yaro mai son kwanciya da jingina.

*Ganda* ita ce yin aiki da jan jiki da rashin son yi.

*Sakaci* rashin kula ne. Mai sakaci yana iya zama mai ƙwazo, amma ya bar ƙofar garke a buɗe.

*Ha'inci* ya fi su duka muni, domin akwai yaudara a ciki. Ɗan ƙwadagon da ya rufe ciyawa da ƙasa maimakon ya nome ta, ya karɓi kuɗinsa cikakke, ha'inci ya yi. Sau da yawa ƙiwuya ce ke haifar da shi: an ƙi wuyar, ana kuma son ladan.

*Zillewa*, *noƙewa*, *sulalewa* da *kaucewa* aikatau ne da ke nuna yadda ake yin abin. Ƙiwuya ita ce dalilin, su kuwa hanyoyin.

*Fashi*, kamar fashin makaranta ko fashin aiki, rashin zuwa ne kawai. Yana iya zama da dalili mai kyau.

Inda faɗinta zalunci ne

Tun da kalmar tana zargin zuciyar mutum, kuskure a cikinta yana da tsada. Ga wuraren da ya kamata mu riƙe bakinmu.

Mara lafiya. Akwai cututtukan da ba sa kwantar da mutum amma suna shanye ƙarfinsa: ƙarancin jini, amosanin jini wato sikila, ciwon suga, tarin fuka, zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, da ciwon damuwa, wanda ke sa tashi daga shimfiɗa ma ya zama aiki. Mace mai laulayin ciki ko mai jego tana cikin wannan sahu. Yaron da ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai yakan ƙi karatu, a yi ta dukansa ana ce masa maƙyuyaci, alhali allon ne ba ya gani. Idan mai ƙwazo ya canza farat ɗaya ya zama mai yawan kwanciya, asibiti ya kamata a fara kai shi kafin faɗa.

Wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aiki tun asuba har dare, in ta yi gyangyaɗi a kan wanke-wanke, gajiya ce. A nan mai gidan ne ya kamata ya binciki kansa, ko shi ne ke sauke wuyarsa a kanta.

Wanda aka tilasta wa aikin da ba hakkinsa ba. Tarihinmu yana da misali. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta riƙa kwasar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Filato, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Sanyi da ƙarancin abinci da cuta sun kashe wasu, da yawa kuma suka gudu. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, aikin tilas ya ci gaba har 1946 kafin doka ta haramta shi. Wanda ya tsere wa irin wannan aiki ransa ya ceta. Sharaɗin farko na ƙiwuya, wato aikin ya zama nasa, bai cika ba.

Wanda ya ƙi don lamiri. Ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya ya zaɓi hanya mafi wuya ne. Haka ma'aikatan da suka shiga yajin aiki don an hana su albashi: ana iya yin gardama a kan dacewar yajin, amma sunansa yaji.

Mai hutawa. Hutu bayan aiki hakki ne. Wanda bai san bambancin hutu da ƙiwuya ba yakan kashe kansa da aiki, ya kuma hana na ƙarƙashinsa sakewa.

Amfani da ita wajen koyarwa

Masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi sukan ɗauki kalmar su yi bayanin wasu labaran Littafi Mai Tsarki da ita. Yana da kyau mu san inda ta zauna daidai.

Ta zauna daidai a kan bawa na uku a misalin talanti, cikin Matiyu 25. An ba shi amana gwargwadon ƙarfinsa, yana da lokaci, amma ya haƙa rami ya binne, da aka tambaye shi kuma ya juya laifin kan maigidansa. Kalmar Helenanci da aka siffanta shi da ita, *okneros*, tana nufin mai noƙewa da ja da baya, kuma ita ce Bulus ya yi amfani da ita a Romawa 12:11 inda yake gargaɗi a kan sanyin jiki wajen himma.

Ta zauna a kan ɗa na biyu a misalin 'ya'ya biyu, cikin Matiyu 21. Mahaifinsu ya aike su gonar inabi. Ɗaya ya ƙi da baki, daga baya ya tuba ya tafi. Ɗayan ya amsa da ladabi, bai je ba. Wannan ya yi daidai da abin da muka gani a gayya: ƙiwuya ba ta cika cewa a'a ba, "to" take cewa.

Littafin Karin Magana ya zana mai wannan hali sau da yawa. A sura 22 da sura 26 an nuna shi yana kafa hujja da zaki a kan hanya don kada ya fita. A sura 10 an kwatanta shi da hayaƙi a idon wanda ya aike shi, wato wahalarsa a kan wani take sauka.

A 2 Tasalonikawa 3, Bulus ya yi magana a kan waɗansu da suka daina aiki suna ci daga hannun 'yan'uwa. Ƙa'idar da ya kafa a aya 10 ta shafi wanda ya ƙi yin aiki ne. Ba ta shafi wanda ya kasa ba, ko wanda ya nema bai samu ba. Kuskure ne babba a karanta wannan aya a kan gwauruwa, ko mara lafiya, ko matashin da ya gama makaranta yana ta neman aiki. Bambancin *ƙi* da *kasa* da muka gani a asalin kalmarmu shi ne mabuɗin ayar. Bulus ya kuma ce a yi wa irin wannan mutum gargaɗi kamar ɗan'uwa, kada a ɗauke shi abokin gaba.

Akwai kuma inda ba ta zauna ba. Yunusa ya guje wa aike zuwa Nineba, amma ya sauka Yafa, ya biya kuɗin jirgi, ya kama doguwar tafiya zuwa Tarshish. Mai gudun wahala ba ya yin haka. Sura 4 ta nuna dalilinsa: ba ya son a ji tausayin mutanen Nineba. Wannan ƙin umarni ne. Musa ma, a Fitowa 3 da 4, ya kawo uzuri bayan uzuri, amma tsoro da ganin kasawar kansa ne suka sa shi. Ungozomomin Ibraniyawa a Fitowa 1 sun ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza, kuma an yaba musu. In muka kira waɗannan duka ƙiwuya, mun ɓata kalmar, mun kuma ɓata darasin.

Kafin mu faɗe ta

Tambayoyi uku da muka fara da su sun isa su tsare mu. Aikin nasa ne? Yana da halin yi? Wahalar ce kawai yake gudu? In amsar duka i ce, to a faɗa masa, a keɓe, a kuma ambaci aikin da ya bari da wanda ya ɗauke masa, domin mai ƙiwuya sau da yawa bai taɓa lissafa wanda ke biyan bashinsa ba. Ga yaro, ya fi amfani a yanka masa aiki daidai ƙarfinsa, a tsaya a ga ya gama, a yaba masa, da a riƙa kiransa maƙyuyaci a gaban baƙi har ya yarda sunansa ke nan.

Tambayoyin nan kuma sun fi aiki in muka fara da kanmu. Kusan kowannenmu yana da wuyar da yake ƙi, ko da shi mai ƙwazo ne a wani fage. Wani ba ya gajiya a gona amma shekara guda bai je gai da mara lafiyar unguwarsu ba. Wata ba ta zama a gida amma ta kasa zaunar da 'yarta su yi maganar da ta kamata. Wani shugaba yana halartar kowane taro, amma sulhun da ke jiransa tsakanin iyalai biyu kullum sai mako mai zuwa. Waɗannan ma kunyoyi ne da aka bari a tsakiyar gona, kuma akwai wanda ke ƙarasa su ko yake shan wahalar rashin ƙarasa su. Allah ya ba mu zuciyar komawa mu ɗauki fartanya.